Tsamiyar da na sare a Garwa

A zamanin mulkin Shugaba Ahijo ni saurayi ne mai rawar kai, na baro Figil na sauka Garwa ina sayar da siminti. Akwai wata yarinya da nake so, mahaifinta dattijon unguwa ne, kuma na ƙudura sai na nuna masa ni ma mutum ne kafin in tura magabata. Sai na ji meri, wato hukumar gari, tana ba da hayar filayenta. Dokar a lokacin ba ruwanta da mutanen unguwa, duk wanda ya fi tayi shi ke da fili.

Da hantsi na je na duba wani fili bayan kasuwa. Ba kowa sai tsohuwar tsamiya da akuya ɗaya. Ban tambayi kowa ba. Ma'aikacin meri ya yi ta zuba mini Faransanci ina gyaɗa kai, har ya ba ni takardar hayar filin. Kashegari na sa aka sare tsamiyar, aka kewaye wurin da kwano, na jibge siminti, ina jin kaina wani Alhaji.

Da la'asar na sha babbar riga na tafi gaida mahaifin yarinyar. Na tarar da shi da dattawan unguwa cirko-cirko cikin rana, kowa da tabarma a hammata. Ashe gindin tsamiyar nan ne majalisarsu, nan ake raɗin suna, nan ake sallar gawa. Baban yarinyar ya amsa gaisuwata, ya ba ni haƙuri cewa babu wurin zama, wai wani marar kunya daga Figil ya cinye musu inuwa. Wallahi ji na yi kamar in nutse.

Da na faɗi gaskiya bai yi faɗa ba. Ya ce in kwashe kwanona in dasa wata tsamiyar, ranar da ta yi inuwa in dawo a yi maganar aure. Na roƙa a bar ni in dasa dogonyaro mai saurin girma, ya ce tsamiya ya rasa, tsamiya yake so. Na yi ta ban ruwa ina korar awaki. Ba ta kai ƙuguna ba aka ɗaura wa yarinyar aure da wani tela.

Abin ya yi mini ciwo, amma ya koya mini hankali. Hukuma ta ba ni fili, ba ta gaya mini su wa ke morarsa ba. Duk mai neman filin gari, don Allah ya je ya duba shi da yamma, ya kuma tambayi maƙwabta. Yau tsamiyata ta yi inuwa, kuma telan nan ne ke riga ni shimfiɗa tabarma.