Facin da ke Ƙarƙashin Ƙofar Baya

Shekara talatin da ɗaya ubana ya yi yana wanke jiragen sama, ko sau ɗaya ba a taɓa tashi da shi ba. A wurin aiki Mai Soso suke kiransa, kuma na tabbata akwai manyan da suka yi ritaya ba su san yana da wani suna ba. Idan aka jawo jirgi cikin rumfa, wasu su hau tsani su goge tagogi, shi kuwa ya shige ƙarƙashin cikin jirgin da bokiti, ruwan sabulu da baƙin mai suna zubo masa a wuya. Har yau kansa a ɗan karkace yake, kamar mai duba yoyon rufi.

Abu ɗaya yake alfahari da shi. Wata safiya yana wanke wani tsohon jirgi, sai babban yatsansa ya ji ɗan kaushi a ƙarƙashin ƙofar baya. Ido ba ya ganin komai. Ya kira injiniya, injiniya ya ce datti ne, ya ƙara sabulu. Baba ya kafe, ya ƙi matsawa daga wurin, har aka kawo na'ura aka duba. Tsaga ce. Jirgin da zai kwashi mutum sama da ɗari da rana aka tsayar, aka yi masa faci. Takardar yabo ta fito da sunan injiniya, har da ƙarin girma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Baba ya ce ba komai. Ni na gaji haushin, tunda shi ya ƙi ɗauka.

Da ya bar aiki, sai ya kafa tebur a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofarmu, ya ce zai gina wannan jirgin. Gangar jikin kawai, tsawon kamu biyu. Ya fara da haƙarƙari: ya yanka falanki zobe-zobe, ya jera su a kan sanda, kowanne da lambarsa. Sannan fata. Gwangwanin madara yake faffasawa, ya murje shi da bayan cokali har ya kwanta, ya yanka shi daidai da fallayen jirgin gaske. Ƙusoshin jikin jirgin kuwa da dakusasshiyar allura yake fitar da su, yana dannawa ta baya, ɗaya bayan ɗaya, layi bayan layi, da tabarau biyu a hancinsa, wani kan wani. Idan layi ya karkace, ya jefar da fallen ya sake. Babu hoto a gabansa. Hannunsa ya haddace jirgin tun tuni.

Na taɓa tambayarsa, "Baba, ina fukafukan?"

Ya ce, "Uwata, ni ciki na wanke. Abin da ban sani ba, ba zan yi masa ƙarya ba."

Shekara huɗu ya yi a kai. Da ya gama, sai ya shiga ɓata shi, a ganina na lokacin. Ya jiƙa ganyen shayi ya zana sawun ruwa, ya haɗa toka da man keke ya ja zirin baƙin mai daidai inda yake zubowa a jirgin gaske. A ƙarshe ya yi facin. Bai fi farcen ɗan yatsa ba, amma ƙusoshi ashirin da biyu ne a jikinsa, kuma sai a karo na tara ya fito yadda yake so. A lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani, hannunsa na dama ya fara rawa. Ya liƙa shi a ƙarƙashin ƙofar baya, ya ce, "To, yanzu ko na mutu, ga shaidata."

Sai yayana ya shigo maganar. Direban manajan kamfanin da Baba ya yi wa aiki ne, kuma mutum ne da idan oga ya yi atishawa shi ke neman magani. Kamfani zai buɗe sabon ofis, Yaya ya kai labarin jirgin Baba, manaja ya ce a kawo a saka a akwatin gilashi. Baba ya yi murna har ya ba ni tausayi. Sharaɗi ɗaya ya kafa: kada kowa ya taɓa jikinsa. Yaya ya rantse.

Ranar buɗewa Baba ya sa sabuwar riga, na riƙe masa hannu muka shiga. Ga akwatin a tsakiyar falo, ga fitila a kansa. A ciki wani farin abu ne yana sheƙi kamar sabon firji, an manna masa fukafukan roba irin na kayan wasan yara. Babu ƙusa ko ɗaya. Babu zirin mai. A ƙasa an rubuta: "Kyautar ma'aikatanmu."

Baba ya ce, "Uwata, idona ne, ko haske ne ya yi yawa?"

Na jawo Yaya gefe na ce, "Me ka yi?"

"Ke, rage murya. Oga ne ya ce wa zai nuna wa fasinja jirgi mai datti da faci? Na kai wa mai fentin mota ya ɗan gyara shi. Ba ki ga ya fi kyau ba?"

"Ya fi kyau? Shekara huɗu, Yaya! Idon ubanka ne a jikin abin nan!"

Garin gyaran gira an rasa ido, shi kuma yana jiran a gode masa. Manaja ya iso da murmushi, ya miƙa wa Baba hannu yana kallon mai hoto, ya ce, "Mai Soso, aiki ya yi kyau." Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan buɗe mini." Aka buɗe. Ya sa babban yatsansa a ƙarƙashin ƙofar baya, ya shafa, ya sake shafawa. Sannan ya janye hannunsa ya ce mu tafi gida. Ni kuwa ban fita ba sai da na gaya wa manajan abin da ya sa masu gadi suka raka ni har titi. Ban yi nadamar ko kalma ɗaya ba.

Washegari na nemi garejin mai fentin. Ina sa ran facin yana nan a ƙarƙashin fenti, in an kankare zai fito. Mutumin yana cin abinci a kan taya, ko a jikinsa.

"Wannan ɗan ƙarfen? Ai shi ya hana wurin kwanciya, Malama. Na ɓamɓare shi, na goge sauran da sanfefa, na cike."

"Ina ka jefa shi?"

Ya nuna mini tulin shara da haɓa. Na durƙusa da kayan jikina, na tona ƙurar fenti da tsumman mai har la'asar. Ban same shi ba.

Yaya ya zo ban haƙuri bayan kwana uku. Baba ya yafe masa tun kafin ya gama magana, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ni ban yafe ba. An ce haƙuri maganin zaman duniya, to ubana ya sha maganin nan shekara da shekaru, ban ga abin da ya warkar masa ba.

Na sayo gwangwani, na murje masa da kaina, na ajiye a teburinsa. Ya ɗauki allura. Sau uku yana kai ta kan fallen, sau uku tana zamewa, na ƙarshen ta soke shi a yatsa. Ya daɗe yana kallon wurin da ba ya gani. Sannan ya tura mini allurar, ya ce, "Bar shi, Uwata. Ke da kika iya biro, rubuta kawai."

To, na rubuta. A ƙarƙashin ƙofar baya ne, ta hannun hagu. Ubana ne ya gano tsagar, da yatsansa, kuma mutum sama da ɗari suka kwana a gidajensu ba su sani ba.