Ɗan Farin Da Na Ƙi Ƙirgawa

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce daga cikin waɗanda ruwan dam ɗin Tiga ya tasa daga garuruwansu. Ban taɓa zama a aji ba, faɗa nake ana rubutawa. A lokacin da abin ya faru ni ce babba a gida, in na yi magana ba mai ɗorawa, kuma ina taƙama da kunya irin ta mutanen da. Ɗana na fari, har Allah ya karɓi abinsa, bakina bai taɓa kama sunansa ba. Ya bar mata da yarinya ɗaya mai ciwon sikila, suna hannuna.

Wata shekara masu rajistar magani kyauta suka zo da na'urarsu. Malamin da ke rubuta sunaye ya ce kati ɗaya ne na gida, da sunana, kuma kowa ana rataya shi a jikin wanda ya haife shi, kamar ƙwarya a jikin yaɗo. Da ya tambayi 'ya'yana, sai na fara daga na biyu, yadda uwata take yi. Surukata matar marigayin kuwa ta ba da sunan 'yarta da na uban.

Ranar da ciwon ya tashi muka je asibiti. Aka taɓa sunana, 'ya'ya da jikoki suka fito reras, babu yarinyar. Suka ce sai an bincika. A gaban jama'a na ce wa surukata ita ta ƙi rubuta ta a gidanmu don tana hangen wani auren, kuma dama ita ta kawo mana wannan mugun jinin. Yarinyar na murƙususu a kan benci, tana ji. Uwar ta miƙe. Ta goya 'yarta ta hau acaɓa zuwa gidan iyayenta a Yako. Kafin su isa, goyon ya yi sanyi.

Bayan sadakar bakwai malamin ya zo gaisuwa. Ya ce sunan yarinyar na ciki tun farko, rataye da ubanta, amma uban ba a rataye yake da kowa ba, shi ya sa da aka ja ni bai biyo ba, balle 'yarsa. Ya tambaye ni mamacin ɗan wa ne. Ranar na fara furta sunansa, ba mai amsawa.

Na aika neman gafara, surukata ta ce ta bar ni da Allah. Iyaye mata, na'ura ba ta san kunya ba, abin da kika faɗa shi take riƙewa. In an tambaye ki 'ya'yanki, ki fara daga na fari. In kuma suna ya ɓace, ki binciki bakinki kafin ki ɗora wa 'yar mutane.