Wadda ta zuba wa Sa'adatu ruwa

Shekara biyar ke nan da rasuwar jikata Sa'adatu. Ban san lissafin watan boko ba, amma ba na ɓata: shekarar da ruwa ya ci shinkafar fadama ce, bayan cutar nan da ta sa aka rufe kasuwar Jega, kafin canjin kuɗin da ya wahalar da bayin Allah. Ban taɓa riƙe alƙalami ba, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba. Maƙwabciyata Malama Rifkatu, wadda ta gama aikin koyarwa ta zauna, ita ke rubuta wannan, na kuwa ce mata kada ta gyara mini baki. Abin da na faɗa, shi za ta sa.

Duk wanda ya tashi a layinmu na Sabon Gari ya san tabarmar Kaka Ige. Ni ce Ige. Ina da yadda nake buɗe tatsuniya, ba irin na kowa ba: sai in kifa ƙwarya, in bugi bayanta da ludayi, in ce, "Mai jin barci shi tashi tun yanzu, ba ni tsayawa don kowa." Yaran da suka ji wannan daga bakina yau sun zama iyaye, wasu har da jikoki. Ku riƙe zancen ƙwaryar nan, za mu dawo gare shi.

Uwar Sa'adatu ta rasu tana rarrafe, ubanta kuwa, ɗana Umaru, kullum yana kan motar albasa tsakanin Aliero da kudu, don haka a ɗakina ta girma. Cikin duk yaran tabarmata ita kaɗai ke kama ni. "Kaka, jiya ba haka kika ce ba, jiya kura ta mutu." In ce mata ta farfaɗo da safe. Ta yi karatunta a Aliero, ta dawo ta sami aikin awon jini a wani asibitin kuɗi. Yarinya mai hannu mai sanyi. Tsofaffi kan ce su dai Sa'a za ta soka musu allura.

Wata rana da la'asar ina ɓarar gyaɗa ta zauna gabana da wayarta, ta ce ta rubuta littafi, na farko, kuma ni za ta fara karanta wa, tunda ni na koya mata ƙarya mai daɗi. Haka muka yi ta yi kullum in ta taso aiki. Labarin 'yan mata biyu ne masu karatu a ɗaki ɗaya, ɗaya 'yar gari, ɗaya 'yar ƙauye. Duk Juma'a 'yar ƙauyen takan daka ganyen magarya ta wanke wa ɗayar kai, kuma ba ta zuba ruwa sai ta fara taɓa shi da bayan hannunta, kada ya yi zafi, kada ya yi sanyi. Da fari na ɗauka ƙawance ne irin namu na dā, wanda yarinya kan aika goro a ɗaura, a yi ta musayar kwano da lalle har tsufa. Da muka kai tsakiya sai na ajiye gyaɗar.

Na ce, "Sa'a, wagga yarinya taki ba ƙawa take nema ba."

Ta ce, "Na sani, Kaka."

"Kin gan ta, ko kin ƙago ta?"

Ta shiga tsintar ɓawon gyaɗa daga zanenta. Na ce mata mu in za mu faɗi abin da ba a faɗi, kura muke ɗora wa, ko zomo. Na ce ita ma ta sa wa 'yan matan nata wutsiya ta huta. Ta yi dariya ta ce, "Kaka, na gaji da wutsiya."

Kada wani ya ce tsohuwa ba ta san addini ba. Ina salla tun kafin a haifi limamin unguwarmu. Abin da malamai suka faɗa na faɗa mata, sau ɗaya, ban maimaita ba, don ta fi ni saninsa, kuma na ga yadda yake cin ta. Amma ni sana'ata labari, na san wanda aka ɗinka da wanda aka haifa. Wancan haifarsa aka yi. Babu batsa a ciki ko ɗaya. Kewa ce, da tsoro, da mutum biyu da suka san ranar gama karatu ita ce ranar rabuwa.

Ta saki littafin a waya da sunan aro, kashi-kashi, yadda 'yan yanzu ke yi. Ta sauya sunan gari, ta sauya sunan makaranta, ta sauya sunan kowa. Abu ɗaya ne hannunta ya ƙi sauyawa: a cikin littafin akwai wata kaka mai kifa ƙwarya ta buge ta da ludayi ta ce mai jin barci ya tashi. Ita tana ganin girmama ni ta yi, kuma ta yi. Amma matan da ke karantawa a ɗakunansu, rabinsu a kan tabarmata suka koyi sauraro. Kafin albasar shekarar ta shigo kasuwa, ba gidan da bai san wadda ta rubuta ba.

Marasa lafiya suka fara janye hannu in ta zo da allura. Mai asibitin ya ce ta huta tukuna, hutun da bai ƙare ba. Umaru ya daina amsa gaisuwarta, yana cin tuwon da ta tuƙa. Duk wannan bai ishi mutane ba, ɗayar yarinyar suke so su gano. Aka yi ta ƙirga 'yan matan da suka yi karatu tare da ita, daga Jega har ƙauyukan Maiyama, ana ɗora wa wannan, ana sauke wa waccan. Hajiya Asabe, mai wankan gawar mata a unguwarmu, ta zo har ɗakina ta ce, "Ige, ke dai faɗa muna ɗiyar wa ce, don iyaye su tsare ɗiyansu." Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Ni ma na taɓa tambayar Sa'a, ta ce, "Kaka, bakinki ya cika daɗi, ba a ba ki ajiya." Na zage ta, ta yi dariya. Ta mutu ba ta faɗa ba.

Likita ya ce ƙoda ce. Ban musa masa ba, shi ya yi karatu. Ni dai na san yarinyar da ta shekara ba mai sallama a ƙofarta.

Da hantsi ta cika. Maza suka tafi haƙa, aka kawo makara aka jingine a zaure, aka yanko likkafani. Na aika wa Hajiya Asabe, aka dawo aka ce ƙafarta na ciwo, matar da na gani da idona da safen nan tana koran awaki. Mata sun cika tsakar gida, kowa da carbi, kowa na kallon ƙasa. Na tsaya bakin ƙofa na ce, "Ba ni neman mai kuka. Mai zuba ruwa nike nema." Wankan gawa ba aikin mutum ɗaya ba ne: ɗaya na cuɗawa, ɗaya na zubawa, a taru a juya ta dama, a juya ta hagu. Ni kuwa gwiwata ba ta kai ni in ɗaga tulu, balle mutum. Ba wadda ta motsa. Sai daga baya na gane abin da ya danne su: duk wadda ta shiga ɗakin nan, gobe za a ce ita ce. Tarkon da suka shekara suna ɗanawa, shi ya hana su tashi. Umaru ya aiko daga waje wai rana na yi, mutane na jira.

Ina nan tsaye sai wata ta yi sallama, ta rufe fuska da niƙabi, ƙafarta duk taɓon hanya irin na wadda ta sauko daga kan mashin. Ba ta gaida kowa ba. Ta ratsa ta tsakiyarsu ta shige ɗakin, na bi ta na saki labule. Ta kwance bakin zanenta, sai ga ganyen magarya dakakke. Wannan ba abin mamaki ba ne, da shi ake wankan gawa. Amma da ta ɗauki buta, sai ta fara zuba kaɗan a bayan hannunta, ta ji ko ya yi sanyi. Ga wadda ba ta ƙara jin zafi ko sanyi har abada.

Na cuɗa, ta zuba. Da muka zo kai, na matsa na ba ta wuri, ta warware kitson da kanta. Ba ta yi kuka da murya ba, sai dai niƙabin ya jiƙe har ta ɗage shi. Muka sa ta a likkafani, ta ce, "Kaka, na gode," ta fita kafin maza su shigo. Matan suka taso mini da wace ce, ɗiyar wa ce. Na ce wadda ta fi ku ce.

Yau in Sa'a ta leƙo, ban san ko dariya za ta yi ba. An ce littafin nata yana nan yana yawo a wayoyi, an cire kakar da ƙwaryarta, an ƙara masa ƙazantar da ba ta rubuta ba, wata can ta sa sunanta. Masu karantawa su ne masu tofin Allah tsine. Umaru ya je Makka ya dawo, in ana lissafa 'ya'yansa sai ya tsallake ta fari. Ni kuma na daina kifa ƙwarya. Yara sun zo sun zo, sun gaji. Amma littafin, yadda ta karanta mini shi da bakinta kafin kowa ya taɓa shi, yana cikin kaina daga farko har ƙarshe, kuma ban taɓa mance labari ba. Hisabinta na wurin Wanda ya yi ta. Allah ya jiƙan ta, ya yi mata abin da mutane suka kasa.

Cikin waɗanda suka ga ranar, liman ya rasu, mai haƙa kabarin ya rasu. Hajiya Asabe na nan, ƙafar ta warke. Umaru na nan. Matan tsakar gida na nan, suna ƙirga har yau. Ni ma ina nan. Mai zuba ruwan ma tana nan: duk shekara in ruwa ya sauka, ƙullin ganyen magarya kan iso ƙofata ba tare da ɗan aike ya san daga ina ba. Na ga fuskarta a ɗakin nan. Sa'a ta ce ba a ba ni ajiya. Shekara biyar ke nan, Sa'a.