Fadl da Farfelarsa

Fadl makanikin tuk-tuk ne, keken hayar nan mai ƙafa uku, Bahaushen Sudan, tuzuru. Tun da ya kama ɗakin da ke kan rufin benenmu a unguwar Faisal, daidai saman kaina, ban ƙara shan shayi da daɗi ba. Ba ya gaida kowa. Wai jirgin sama yake ƙerawa. Injin babur ya ɗaure a kan ƙarfen gado, ya sassaƙa farfela da katakon tsohuwar ƙofa, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, ko makaho ya shafa zai gane.

In injin na juyi a hankali, lafiya lau. In ya ba shi wuta sosai, ƙara ce kawai. Amma akwai wani waje a tsakiya da abin ke kama karkarwa kamar mai masassara, bene duka ya ɗauka, kofunana su yi ta takawa da kansu har su faɗo daga kanta. Shi ma ya sani, shi ya sa yake wuce wajen da sauri.

Na hau na ce masa, "Malam matuƙi, ko roba ka sa a ƙarƙashin injin nan mana."

Ya ce, "Fatu, koma wajen tukunyarki."

Tamam, ba laifi. Na kai ƙara wajen mai gidan, Hajj Osama. Ya ce zai zo ya gani, in da ɓarna Fadl ya kwashe kayansa.

Ran da Hajj ya zo, Fadl har da sabuwar jallabiya. Ya tayar da injin a hankali, ya zaburar da shi zuwa sama, ya kashe. Hajj ya fara gyaɗa kai, ni kuma yana yi mini kallon maƙaryaciya.

Na ce, "Hajj, ai bai tsaya a tsakiya ba. Matuƙi ne mai tsoron jirginsa."

Fadl ya harare ni. "Ni?"

Ya sake tayarwa, ya riƙe shi a tsakiya yana kallon idona. Gadon ya fara rawa. Noti ya faɗo, wani ya biyo shi. Sai farfelar ta tsage, rabinta ya tashi ya huda tankin ruwan gidan. Ruwa ya sauka a kan Hajj, daga hula har takalmi.

Hajj ya share fuska ya ce, "Khalas, magana ta ƙare."

Yanzu Fadl a gareji yake kwana, can unguwar Abbasiya. Ɗayan rabin farfelar yana wajena, da shi nake kaɗe darduma. A nan kam ba ya karkarwa.