Mu'awiyya Ya Tafi Kafin a Buɗe Kakar Wasa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 22 ga Yulin 2025, bayan la'asar, ina tsakar gida a Kudan ina tsintar shinkafa, matarka Ummulhairi ta kira ni daga Amurka. Da dariya na ɗauka, don na zaci labarin yara za ta ba ni. Sai ta ce, "Yaya Khadija, Baban Adama ya faɗi a filin atisaye, bai tashi ba." Na tambaye ta asibitin da aka kwantar da kai. Na sake tambaya. Har yau ban san wanda ya karɓi wayar daga hannuna ba.

Mu'awiyya ƙanena, shekararka arba'in da ɗaya, ko ciwon kai ba ka yi ba. Likitoci sun ce zuciya ce ta tsaya. Na yarda da ƙaddara, amma hankalina ya ƙi ɗauka. Mutumin da tun yana saurayi yake saɓa damin rake biyu daga gonar Baba, shi ne aka ce ya yanke jiki ya faɗi a kan ciyawa, da usur a wuya.

Mutanen garin nan da yawa sun san kana Amurka, ba su san aikinka ba. Karatu ya kai ka can, girman jikinka ya sa aka ja ka cikin irin ƙwallonsu, wadda ake rungume ta a yi gudu, 'yan wasa sanye da hular kwano. Da gwiwarka ta samu matsala ka koma koyarwa. A watan Fabrairun bana wani babban kulob ya damƙa maka masu tsaron bayansa, wato mutum goma sha ɗaya da aikinsu shi ne hana abokan karawa wucewa da ƙwallo. Bara babu kulob ɗin da aka zuba wa maki kamarsu. Magoya baya sun gaji, jaridu suna ta zagi, aka ce ka gyara kafin watan Satumba.

Da ka zo gida bayan ƙaramar Sallah, ba ka da zance sai wannan. Ka zaunar da ni, ni da ban taɓa kallon wasan ba, ka nuna mini bidiyo a waya. Ka ce ƙarfi ba shi ne matsalarsu ba: kowa so yake a gan shi shi kaɗai, ba sa yi wa juna magana, kuma in sun cafke mutum sai ya suɓuce. Washegari ka tafi Taba wurin Musa, abokin kokawarka na ƙuruciya, ka roƙe shi ya yi ta kayar da kai ana ɗaukar bidiyo, don ka nuna wa 'yan wasanka yadda ake shiga ƙarƙashin mutum a riƙe ƙugu. Ka dawo rigarka duk ƙasa, kana dariya kamar an yi maka albishir. Inna Mairama, mahaifiyarmu, ta ce babba da kai ba ka ji kunya ba. Ka durƙusa ka ce, "Inna, aiki ne."

A wannan zuwan ka faɗa mini abin da ya fi damun ka. Akwai wani tsohon ɗan wasa da jama'a ke ƙauna, amma ƙafarsa ta yi nauyi, dole a ba matashi gurbinsa. Shugabannin kulob sun ce a sanar da shi ta waya. Ka ƙi. Da ka koma, ka je har gidansa, ka gaishe da mahaifiyarsa, ka faɗa masa ido da ido, ka kuma nemi ya zauna ya taya ka horar da wanda zai gaje shi. Ummulhairi ta ce wannan tsohon ɗan wasan ne ya fara isa gare ka da ka faɗi, shi ya yi ta danna ƙirjinka har motar asibiti ta iso.

Haka kake tun can. A kulob ɗin da ka fara koyarwa, wani ɗan wasa ya bugu a ka ana tsakiyar wasa mai zafi, ya rantse lafiyarsa lau. Ka karɓe hularsa ka hana shi komawa. Aka ci ku, aka yi ta zaginka. Da na yi maka jaje, cewa ka yi ɗan mutane ne, uwarsa tana jiran sa. Lokacin jinyar maigidana kuma, babu Juma'ar da ba ka kira shi ba, kana tsokanarsa har sai ya ci abinci.

A can aka yi maka sutura, kamar yadda addini ya ce a gaggauta. An ce 'yan wasanka duk sun je, Musulmi da Kirista, ƙarti majiya ƙarfi suna kuka a maƙabarta. Mu nan ba mu ga fuskarka ba. Salatul ga'ib aka yi a ƙofar gidan Baba, mutane daga Makarfi, Ikara da Gazara suka cika layi, maƙwabcinmu Abednego da 'yan cocinsu suna shimfiɗa wa baƙi tabarmi. Wata mai gaisuwa ta ce Allah sarki, a wurin wasa ajali ya same shi. Inna ta ɗago kai ta ce, "A wurin aikinsa ya rasu."

Za a buɗe kakar wasa a Satumba, wani zai tsaya inda ya kamata ka tsaya. Ban sani ba ko zan iya kallo.

Allah ya jiƙanka, Mu'awiyya, ya yafe kurakuranka, ya yalwata kabarinka a ƙasar da ba mu san hanyarta ba, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Mairama, ga Ummulhairi, ga 'ya'yanka Adama da Bilki, da dukkan zuri'ar Malam Muhammadu Lawal. Allah ya raya abin da ka bari, ya ba mu haƙurin da har yanzu muke nema. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Yayarka,
Khadijatul Kubra Muhammadu Lawal, Kudan