Sunan da Ban Faɗa Ba

Shekarun baya, bayan na fita takaba, na buɗe akwatin maigidana na ɗauko littattafan rubutu uku da ya bari. Malamin firamare ne, manomi kuma. Ya daɗe yana bin tsofaffin ƙauyenmu yana rubuta yadda suke zaɓen irin gero da dawa, da yadda ake adana shi a rumbu ƙwari ba su taɓa ba. Burinsa ya ga abin ya zama littafi. Allah bai nufa ba.

Ƙaninsa ne ya raka ni Ɗanbatta wajen wani mai kwamfuta, aka buga komai. Ranar da za a ɗora shi a intanet ran kasuwa ce. Mutumin ya buɗe wani shafi mai gurabe, ya ce nan ake cike bayanan littafi, kuma abin da aka sa shi zai bi littafin duk inda ya je. Muka sa sunan littafi, muka sa harshe. Sai ya ce, "Hajiya, sunan marubuci fa?"

Na ce, "Malam."

Ya yi dariya. "Malam wa? Ko a layin nan malamai sun fi goma."

Tun da na shiga gidansa bakina bai taɓa kama sunansa ba. Haka na ga mahaifiyata ta yi. Na sunkuyar da kai kamar amarya, ni da nake da jika. Ga biro a jakata, wallahi ban tuna da shi ba.

Ƙanin ya ce, "Matar Yaya, har yanzu kunyar? Je ki sayo daddawarki, ni zan ba shi."

Na fita har ina gode masa.

Bayan wata biyu 'yata ta miƙo mini waya. Littafin na ta yawo, manoma na sa albarka. A wurin marubuci, sunan ƙanin ne. Da na tambaye shi, ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Ai gida ɗaya ne. In masu karatu na da tambaya, mamaci za su kira?"

Washegari na hau mota ni kaɗai. Shagon mai kwamfutar cike da maza, na tsaya na faɗi sunan mijina da na mahaifinsa, sau biyu. Nan take aka gyara. Amma mai kwamfutar ya ce, "Hajiya, wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ya fi ƙarfina."

Har yau a wajen biki nakan ji ana yabon littafin da sunan da ba na Malam ba. Ban yi faɗa da kowa ba, muna gaisawa da ƙanin. An koya mana kunya ado ce, ban musa ba. Sai dai sau ɗaya tak Malam ya buƙaci in kira sunansa, ranar da ba shi da bakin faɗa da kansa, ni kuwa na tafi sayen daddawa.