Kujerar da Ermelinda Ta Ciwo wa Jam'iyyar Masu Gumi

Shekara talatin da ɗaya Ermelinda Techera ta yi tana wankin ulu a wata masaƙa a garin Paysandú, kuma a ɗakin girkinta aka kafa Jam'iyyar Masu Gumi. Su tara ne, ragowar wani yajin aiki da ya watse ba a samu komai ba. Mijinta Aníbal shi ne mai baki. In ya miƙe jawabi, har ruwan shayinsu na mate ya huce a buta bai kai rabin jawabin ba. Ita kuwa nata aikin soya musu torta, wato wainar fulawa, sai bin gida-gida da takardun jam'iyya a ƙasan kwandon cefane.

A zaɓen farko ƙuri'a arba'in da uku suka samu. Aníbal ya ce an kafa tarihi.

"Wane tarihi, tsoho?" in ji ta. "Danginka kaɗai sun fi hamsin!"

Ba a jima ba jam'iyyar ta dare biyu, a kan ko za a ƙara "da Manoma" a sunanta. Biyar suna taro ran Talata, huɗu ran Alhamis, duka a gidanta, ba mai gaida wani. Da ta gaji, sai ta ce, "Daga yau sau ɗaya nake suya a mako. Mai son ci ya zo Laraba." Ran Laraba babu wanda bai zo ba.

Da sojoji suka ƙwace mulki aka haramta jam'iyyu, aka tsare Aníbal shekara biyu. Ermelinda ta mayar da taron ƙungiyar 'yan karta. Wata rana wani ɗan sanda ya zo leƙen asiri. Ta ba shi kujera, ya ci torta huɗu, aka cinye shi wasa uku a jere, ya fita yana ƙunƙuni, bai sake dawowa ba.

Bayan tafiyar sojoji, matan unguwa suka tare Wilfredo Larrosa, sakataren jam'iyya, a bakin kasuwa.

"Kwamared, mun gaji da jawabi. Ku sa Ermelinda a gaba, ko ku zaɓi kanku."

Ta ce ita ba ta iya magana a taro ba. Aníbal ya ce, "Ke? Shekara nawa kina katse ni?"

Haka aka tsayar da ita takara. Washegarin zaɓe da safe sakamako ya iso: kujera ɗaya a majalisar gari. Wilfredo ya fashe da kuka, Aníbal ya rungumi mai kawo madara. Ermelinda ta zauna a bakin ƙofa tana dariya har hawaye, hannunta duk fulawa.

Buƙata ɗaya ta shiga da ita majalisa: motar bas ta riƙa zuwa unguwar masaƙa. Duk zama sai ta tashi ta maimaita, har 'yan manyan jam'iyyu suka fara faɗa tare da ita. A wata na goma sha huɗu suka amince.

Ranar da bas ta fara shigowa, unguwa ta cika ta maƙil, har da masu ganguna. Ermelinda ba ta da inda za ta je, amma ta hau, ta zauna kusa da taga, ta je ƙarshen layi ta dawo sau uku tana ɗaga wa mutane hannu. A zagaye na huɗu direba ya waiwayo ya ce, "Uwargida Ermelinda, yau ba za a yi abincin rana a gidanku ba ne?"